Shagon littattafan Mama kusa da Taminus a Jos: da tsada, amma can zan riƙa komawa

Salama gare ku 'yan'uwa. Tunda aka yi baftisma a cocinmu mutane suke ta tambayata wai ina na sayo Littafi Mai Tsarkin da muka raba wa yaran, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta komai gaba ɗaya, da mai daɗin da mara daɗin. Shagon ƙarami ne, yana cikin layukan masu sayar da littattafai da kayan rubutu a tsakiyar gari, in ka sauka a Taminus da ƙafa ma za ka ƙarasa ba sai ka hau keke ba. Ba zan kama sunansa ba don ban nemi izinin masu shi ba, wata dattijuwa ce da mijinta suke riƙe da shi, kowa Mama da Baba yake ce musu.

Abin da ya kai ni shagon ba abin daɗi ba ne. Ni nake koyar da ajin baftisma, bana yara 23 ne, dattawan ikilisiya suka ba ni kuɗi in sayo wa kowa nasa na Hausa, kuɗin kuma gaskiya bai kai ba. Ina cikin lissafi sai wani mai talla ya nuna min nasa a kusan rabin kuɗin da ake sayarwa a shago, bango iri ɗaya, rubutun zinariya a gaba iri ɗaya, har da leda. Raina ya ɗan ba ni cewa akwai wata a ƙasa amma na ce ai Maganar Allah ɗaya ce, na kwashi katan guda na kawo. Lahadi ta biyu da raba su muna darasi a kan Romawa sura 6, na ce wa wata yarinya ta karanta mana, ta yi ta juya shafi tana juyawa har sauran suka fara dariya, ita kuma idonta ya ciko da hawaye don ta ɗauka ita ce ba ta iya neman wuri ba. Na karɓa na duba, ashe littafinta daga wajen ƙarshen Ayyukan Manzanni sai ya yi tsalle ya faɗa Korantiyawa, Romawa gaba ɗaya babu, a madadinsa an maimaita wasu shafukan Luka. Muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, huɗu haka suke, wasu kuma tawadar ta yi dishi-dishi in ka goga yatsa sai ta biyo ka, da sanyin hunturu ya shigo gam ɗin ya bushe shafuka suka fara zubowa kamar ganyen dogon yaro. Mai tallan kuwa ko ƙurarsa ban sake gani ba, ba rasit, ba shago, lambar da ya ba ni kullum a kashe. Araha ba ta ado, kuma laifin nawa ne, na tsaya gaban dattawa na faɗa musu haka.

Da ɗaya daga cikin jabun a hannu na shiga shagon Mama. Ban ma buɗe baki ba ta karɓa ta shinshina shi, ta ce ɗana wannan ba daga gidan masu shi ya fito ba. Ta ɗauko na gaske ta ajiye su gefe da gefe a kan kanta, ta buɗe tsakiya ta nuna min zaren ɗinki a na gasken, ɗayan kuwa gam kawai aka shafa. Ta ɗaga shafi ɗaya zuwa hasken ƙofa, na gasken takardarsa siririya ce amma rubutun baya ba ya damun ido, jabun kuma kamar kana karanta shafi biyu lokaci guda. Ta nuna min shafin farko inda ake rubuta mai haƙƙin mallaka da shekara, a jabun ma an kwafo shi tsaf da tambarin da komai sai dai ya yi ɓurum-ɓurum don hoton shafi aka ɗauka aka buga. Wannan darasin na minti biyar kaɗai ya isa in ba shagon maki.

Kuɗi kam akwai tsada, kada wani ya je ya ce na ruɗe shi. Babu wani ragi na kirki, abin da ta yi min shi ne ta cire ɗan kaɗan saboda da yawa na saya, ta yarda in biya rabi in kawo sauran bayan baikon ƙarshen wata, ta rubuta a wani tsohon littafin bashi ba ta nemi in sa hannu ba. Ta kuma sa yaronta ya buɗe kowane ɗaya a gabana muka bi littattafan ciki daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna, ta ce ko na gaske ma wani lokaci injin yakan yi kuskure, bambancin shi ne in ka dawo da rasit za ta canja maka ita ma ta mayar wa waɗanda suka kawo mata. Kuma haka aka yi, guda ɗaya bangonsa ya ɗan ɓare a gefe, na mayar bayan kwana uku aka ba ni sabo ba gardama.

Abin da bai yi min ba shi ma zan faɗa. Wurin a matse yake, mutum uku suka shiga na huɗu sai ya tsaya a waje. Kantocin sama duk ƙura. Na'urar POS ɗinsu ranar ta ƙi aiki sai turansifa na yi muka zauna jiran alat kusan minti ashirin. Yaron shagon yana da ladabi amma bai san kayan ba, komai sai ya kira Mama, in ta fita to ka haƙura ka dawo. Ba sa buɗewa da wuri don sai sun yi addu'ar safe, wannan ba laifi ba ne amma mai sauri ya sani. Littattafan yara na Hausa kaɗan ne sosai, yawanci na Turanci ne, kuma mai manyan baƙaƙe da nake nema wa mahaifiyata babu sai dai a yi oda. Akwai kanta guda cike da faifan CD na mawaƙan bishara da zumuntar mata sun yi shekaru ba wanda ya taɓa su, don wa yake da abin kunna CD yanzu, kowa wajen 'yan dawunlodin yake zuwa a cika masa memori da waƙa ɗari a kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, matan da suka haɗa kuɗin adashe suka shiga situdiyo ko sisi ba ya kai musu. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Na ce wa Mama me zai hana su yi magana da mawaƙan kai tsaye su riƙa tura waƙoƙin a memori da izini a raba kuɗin, ta ce za ta yi tunani, ina fata su yi.

To abin da ya sa na daɗe a shagon ranar har azahar ta wuce shi ne wata gardama da ta tashi a kan injin fotokwafi da ke lungu. Wani ɗalibin makarantar tauhidi ya shigo da wani ƙaton littafin sharhi da ya aro, ya ce a kwafe masa shi duka a ɗinke. Mama ta ce a'a, babi ɗaya da kake bukata don jarrabawa zan yi maka, amma littafi sukutum ba a nan ba. Yaron ya ji haushi, kuma yana da baki, ya ce Mama ba Ubangiji ne ya ce kyauta kuka samu ku bayar kyauta ba, a Matiyu 10:8, yaya za a ce wani ya mallaki bayanin Maganar Allah har gwamnati ta tsaya masa da ɗan sanda. Gaskiya tambayarsa ba ta banza ba ce, ni ma na taɓa yin ta a zuciyata. Mama ba ta yi masa wa'azi ba, ta ce in kana so ka ajiye abin da kake da shi in cire maka namu daga kanta in rubuta sunanka a kai ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, in kuma ba ka da ko sisi ga benci nan ka zo kullum ka karanta ka yi rubutunka ba wanda zai kore ka. Da na koma mayar da wancan littafin na same shi zaune a bencin yana rubutu.

Ni ga inda na tsaya a maganar, bayan abin da ya same ni. Bishara kyauta ce, ba wanda ya isa ya sa mata kuɗi. Amma takarda da tawada da shekarun da mutum ya kwashe yana fassara ba daga sama suka faɗo ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa na farko a 1932 ya fito, Dokta Walter Miller na CMS, mishan ɗin cocin Anglika, a Zariya da waɗanda suka taya shi, Turawa da Hausawa, sun yi shekaru suna fama da kalma ɗaya-ɗaya, aka sake wata sabuwar fassara a ƙarshen shekarun 1970. Ƙungiyar Bible Society of Nigeria da aka kafa a 1966 har yau tana ɗaukar nauyin fassara zuwa harsunanmu, kuma mu a Filato mun san harsuna nawa ne har yanzu suke jira. Kuɗin da na ba mai tallan nan ko kwabo bai je wajen mai fassara ba, ya tafi aljihun wanda ya ɗauki hoton guminsu ya buga. A surar nan ta Matiyu 10 da ɗalibin ya kawo, aya biyu kawai a gaba Ubangiji ya ce ma'aikaci ya cancanci abincinsa. Bulus ya maimaita a 1 Timoti 5:18, ya haɗa da dokar Musa cewa kada a sa wa sa takunkumi yana sussuka. Shi Bulus ɗin a 1 Korantiyawa 9 ya ce yana da iko a biya shi amma ya zaɓi ya bari, shi ya bari da kansa, ba wani ne ya zo ya ƙwace ya ce masa ai kyauta ka samu ba. Haka Bitrus ya ce wa Hananiya, kafin ka sayar da gonar ba taka ba ce, bayan ka sayar ma kuɗin ba a hannunka yake ba. Kyauta sai daga hannun mai abu. Kuma akwai masu bayarwa ɗin, ƙungiyar Biblica ta saki fassararta ta Hausa, Sabon Rai Don Kowa, a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, kowa zai iya kwafa ya raba in ya bi sharuɗɗan, kuma a waya ma ana karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa kyauta a manhajar YouVersion. Mai neman kyauta yana da hanya mai tsabta.

Sai batun gwamnati, wanda shi ne ya fi ci wa ɗalibin rai. Romawa 13, surar da ma babu ita a littafin yarinyar nan, ta ce mai mulki bawan Allah ne don amfaninka, yana hukunta mai mugunta. Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Wanda ya buga tambarin wasu a kan kayan da ba nasu ba ya sayar min da littafi babu Romawa ya yi sata ya kuma yi ƙarya, ya cuci mai fassara, ya cuci Mama da take sayar da na gaske tana kallon kwastoma suna wucewa wajen mai araha, ya cuci yarinya 'yar shekara 14. Ikilisiya za ta iya horon ɗanta, amma ba ta da ikon tare kwantena a tashar jirgin ruwa ko rufe maɗaba'a, wannan takobin ba a ba mu shi ba, hukuma aka ba. Kuma doka tana nan. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, tun 1989 take, sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma Shugaba Buhari ya sa mata hannu a watan Maris na 2023, har ta taɓo abin da ake ɗorawa a intanet, mai abu zai iya neman a cire kayansa daga can. Abin da mawaƙanmu da yawa ba su sani ba, da zarar ka rubuta waƙarka ko ka naɗe ta haƙƙin ya zama naka ba sai ka yi rajista ba, rajistar dai tana taimaka maka da shaida ranar da rigima ta taso. Ina so a ce ana sanar da wannan a taron zumuntar mata da na mawaƙa kamar yadda ake sanar da ranar taron shekara.

Amma Baba, mijin Mama, shi ya ja min birki, kuma na gode masa. Tsohon nas ne, ya yi aiki shekaru a wani asibitin mishan. Ya ce Malam kada ka ba hukuma wuƙa da nama duka. Ya ba mu labarin lokacin da cutar ƙanjamau ta yi tsanani, yadda suke wanke marasa lafiya suna yi musu addu'a suna rufe musu ido, alhali maganin yana nan a duniya amma kuɗinsa na shekara ya haura dala 10,000 ga mutum ɗaya saboda haƙƙin ƙirƙira, wato fatent, yana hannun manyan kamfanoni. Sai a 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai ba da haɗin magunguna uku a dala 350 a shekara, a shekarar ne kuma kamfanonin magani 39 suka janye ƙarar da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu a kan dokarta ta samar da magani mai araha, a watan Nuwamba kuma ƙasashe suka amince a taron cinikin duniya a birnin Doha na Qatar cewa dokar ciniki ba za ta hana ƙasa kare lafiyar mutanenta ba, har tana iya ba da lasisin dole a yi maganin ko mai shi bai so ba. Baba ya ce wanda ya ƙirƙiro magani a biya shi, shi ma ma'aikaci ne, in ba a biya ba wa zai sake zama shekara goma a ɗakin gwaji, amma ran mutum ya fi riba, kuma hukumar da ta san tsaron mai kaya kaɗai ta manta da mai mutuwa ba ta yi aikin da Allah ya ba ta ba. Yana maganar muryarsa tana rawa, shagon ya yi tsit.

Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma a Littafi Mai Tsarki ma haka abin yake. Allahn da ya ce kada ka yi sata shi ne ya ce wa mai gona a Littafin Firistoci 19 kada ya girbe har gefen gona, ya bar kala wa matalauci da baƙo, da wannan kalar Rut ta ci da surukarta. Gonar ta Bo'aza ce amma gefen ba nasa kaɗai ba ne. Shi ya sa nake ganin dokar da ta dace ita ce mai iyaka da mai barin kala. Fatent a Najeriya shekara 20 ne bisa dokar 1970, daga nan kowa ya yi. Dokar haƙƙin mallaka kuma ta bar ƙofa don karatu da bincike, da kuma juya littafi zuwa rubutun makafi, babin nan ɗaya da Mama ta yarda ta kwafa da bencin nan duk kala ce. Inda ni ban gamsu ba shi ne tsawon lokacin littafi da waƙa, shekara 70 bayan mutuwar mai shi. A ganina ya yi yawa, jikoki da tattaɓa kunne suna karɓar kuɗin aikin da ba su yi ba, talaka kuma yana jira. Dokar farko irin wannan da aka yi a Ingila a 1710 shekara 14 ta ba marubuci, in yana raye a ƙara masa 14, kuma sunan da aka ba ta ma na ƙarfafa ilimi ne. Kuma mu Kirista bai kamata mu manta ba cewa ikon hukuma a kan buga littafi ya taɓa zama bulala a bayanmu, William Tyndale da ya fassara Sabon Alkawari zuwa Turanci shaƙe shi aka yi aka ƙone gawarsa a 1536, a ɓoye ake shigar da littattafansa Ingila. Don haka hukuma ta kama mai buga jabu, ta tsare ladan ma'aikaci, amma ranar da ta ce ita za ta zaɓi wanda zai karanta da abin da za a karanta to ta wuce gona da iri.

Jabun nan 23 har yanzu suna cikin katan a ofishin Baba Fasto, mun rasa yadda za mu yi da su, ba ma so mu ba wani ya sake shiga abin da yarinyar nan ta shiga, ƙonawa kuma hannu ya ƙi. Mama ta ce kada mu zubar, mu ajiye ɗaya mu riƙa nuna wa mutane gefe da gefe da na gaske kamar yadda ta nuna min, kuma na yi hakan a taron matasa, da yawa suka koma gida suka duba nasu, mutum uku suka zo suka ce nasu ma haka yake.

In za ku je ku tafi da tsabar kuɗi saboda matsalar netwok, ku je bayan ƙarfe tara, ku nemi Mama da kanta, ku buɗe littafin ku duba kafin ku fita, rasit kuma ku adana shi. Ranar Lahadi a rufe suke. In littattafan yara na Hausa kuke nema ba lallai ku samu ba tukuna. Ni dai na ba da odar mai manyan baƙaƙen na mahaifiyata, Mama ta ce in leƙo farkon wata mai zuwa, kuma zan tafi da sauran cikon kuɗinta a hannu.